Hutu a Siri Lanka da iyali: Agusta ko Disamba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a Gombe. Mun daɗe muna tari ni da maiɗakina don mu kai yaranmu biyu hutu ƙasar waje, babban shekararsa 12, ƙaramar 8. Na ji ana yabon Siri Lanka, wai ga namun daji ga kayan tarihi, kuma wai a can sawun Annabi Adamu yake. Hutun mako biyu gare ni, ko a Agusta ko a ƙarshen Disamba. Wanne ya fi? Ina da ina za mu je? Kuma Musulmi zai sake a can?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya. Tunda da yara za a tafi, ni dai Agusta zan ce. Sai dai ka sani tun yanzu, wanda ya je a Agusta zai ga giwaye har ya gaji, amma ba zai hau Dutsen Adamu ba. Wanda ya je a Disamba zai hau dutsen, amma taron giwayen ya watse. Ba a haɗa gudu da susar gindi, dole ka zaɓi ɗaya, kuma damina ce ta raba su.

Tsibirin yana kudu da Indiya, girmansa kusan murabba'in kilomita 65,600, wato kamar tsohuwar Jihar Bauchi kafin a cire Gombe a 1996. Mutanensa kusan miliyan 22. Tsakiyarsa duwatsu ne masu tsawo, su ne suka sa yake da damina biyu. Daga Mayu zuwa Satumba iska na tasowa daga kudu maso yamma ɗauke da ruwa, ta zubar da shi a Kolombo da Galle da gangaren duwatsun na yamma, kafin ta tsallaka ta bushe. A wannan lokacin arewa da gabas rani suke yi, tekunsu a kwance. Daga Disamba zuwa Fabrairu sai abin ya juya, ruwa ya koma arewa da gabas, kudu da yamma su washe. Oktoba da Nuwamba kuwa ko'ina yana iya jiƙewa, kada ma ka sa su a lissafi. Dutsen Adamu yana ɓangaren da ruwan Agusta ke duka. Filayen giwaye da tsofaffin biranen sarakuna suna ɓangaren da yake bushe a Agusta.

Kafin mu shiga yawo, ga abin da ya fi kayar da mutanenmu: biza. Yawancin baƙin duniya izinin shiga suke cikewa ta intanet a ba su cikin kwana ɗaya ko biyu. Mai fasfon Najeriya ba ya cikinsu. Mu sai an nema mana tun kafin tafiya, kuma hanyar da aka fi bi ita ce wani kamfanin yawon buɗe ido mai rajista a can ya tsaya maka a hukumar shige da ficensu. Ofishin jakadancin da suke da shi a Abuja sun rufe shi a ƙarshen 2021 lokacin da kuɗin waje ya yanke musu. Saboda haka ka fara neman bizar wata uku kafin tafiya, ka tambayi kamfanin ƙa'idar da ake kai a lokacin, kuma kada ka biya kuɗin tikitin da ba a mayarwa sai izini ya fito a rubuce, na kowa da kowa har ƙaramar. Ku yi allurar shawara ku riƙe katin nan mai ruwan ɗorawa, ana tambayarsa ga wanda ya fito daga ƙasarmu. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar sun kawar da zazzaɓin cizon sauro na maleriya, don haka idan wani cikinku ya yi zazzaɓi a can ku gaya wa likita daga Najeriya kuke, domin ba ita ce za ta fara zuwa masa a rai ba. Sauron da za ku kiyaya shi ne mai kawo zazzaɓin dengi, kuma da rana yake cizo. Jirgi babu na kai tsaye. Daga Abuja ko Kano ko Legas za ku tashi, a sauya a Doha ko Dubai ko Istanbul, a sauka filin Bandaranaike da ke Katunayake, kimanin kilomita 30 arewa da Kolombo. Agogonsu ya riga namu da awa huɗu da rabi.

Kada ƙanƙantar ƙasar a taswira ta ruɗe ka. Daga filin jirgi zuwa Sigiriya bai wuce nisan Gombe zuwa Bauchi da wani abin kirki ba, amma sai ya ci awa huɗu. Titunan ƙanana ne, gari na manne da gari, ga bas-bas masu gudun tsiya, ga Keke Napep ko'ina, irin namu sak. A hannun hagu suke tuƙi, mu kuwa mun bar wannan tun 1972, don haka kada ka yi gigin karɓar mota ka tuƙa da kanka. Abin da iyali ke yi shi ne hayar mota da direbanta na tsawon tafiyar. A yi ciniki a rubuce: mai, kuɗin babbar hanya, kwanan direba da abincinsa, duk a ciki. Otal-otal da yawa suna da ɗakin direbobi. Kuma ku rage sauya masauki. Masu tsara tafiya suna son su jera maka garuruwa goma a takarda don ka ga kamar kuɗinka ya yi auki, ƙarshenta yara su wuni a mota suna amai.

Daren farko ku kwana a Negombo kusa da filin jirgi. Washegari ku nufi Habarana ko Sigiriya ku yada zango na kwana huɗu, domin daga nan komai kusa yake.

Sigiriya dutse ne guda tsaye a tsakiyar daji, tsawonsa kusan mita 200, kansa a shimfiɗe. Sarki Kashyapa, wanda ya yi mulki daga 477 zuwa 495, ya kashe ubansa ya ƙwace sarauta, ɗan'uwansa Moggallana ya gudu Indiya. Tsoron dawowarsa ya sa Kashyapa ya gina fada a kan dutsen, ya kewaye gindinsa da ganuwa da ramukan ruwa da lambuna. Duk da haka ɗan'uwan ya dawo da runduna, sarautar ta koma hannunsa. Har yau ana ganin tafukan zakin da aka gina a bakin matakalar ƙarshe, da tafkin da aka sassaƙa a can sama. Matakalar ta kai kusan 1,200. Ku isa ana buɗe ƙofa da sassafe, idan rana ta ɗaga ƙarfen ya yi zafi, layi ya yi tsawo. A ja wa yara kunne su yi shiru a wajen tafukan zakin saboda akwai sheƙar rina a jikin dutsen. Sannan akwai wani lungu mai tsofaffin zanen mata marasa riga, matakalarsa daban ce, kuna iya wuce ta. Kuɗin shiga na baƙo ya haura dala 30, yara kan biya rabi, don haka ka riƙe fasfonsu a aljihu.

Tsofaffin biranen biyu ne, Anuradhapura da Polonnaruwa, dukkansu suna cikin wurare takwas na ƙasar da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya. Da yara ɗaya ya isa, kuma Polonnaruwa zan zaɓa saboda a tattare take, ana zagaya ta cikin rabin wuni, har da keke. Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina a wannan yankin aikin ruwa ne, ya fi gumakan. Ƙasa ce da ruwan sama ke zuba wata uku ya ɗauke, sai sarakunansu suka mayar da hankali kan tare shi. Parakramabahu na Ɗaya, wanda ya yi mulki daga 1153 zuwa 1186, ya haɗa tafkuna ya yi wani makeken dam da har yau ake kiransa Tekun Parakrama, kuma har yau manoman shinkafa da shi suke noman rani. Wanda ya san Dadin Kowa da abin da take yi wa manoman Yamaltu Deba zai tsaya ya yi shiru idan aka ce masa wannan da hannu aka yi, shekara 800 da suka wuce.

Kuma wannan aikin ruwan ne ya haifar da abin da nake so yaranka su gani. Tafkin Minneriya Sarki Mahasena ne ya gina shi a ƙarni na 3. Idan rani ya tsananta daga Yuli zuwa Oktoba, ƙananan tafkunan daji sukan ƙafe, shi kuwa Minneriya sai ya ja baya ya bar fili mai ɗanyar ciyawa. Giwayen yankin gaba ɗaya sai su gangaro, a Agusta da Satumba a kan ga ɗari biyu ko fiye a fili guda, da jariransu, suna kiwo suna wanka. Duk wanda ya je Yankari ya san yadda ake yi, a wuni ana bin sawu da kashi, wani lokaci a dace wani lokaci a dawo da labarin ɓauna da gwaggon biri. A nan daji a buɗe yake, tun daga nesa kake hango su. Giwar Asiya ta fi tamu ƙanƙanta, kunnenta ƙarami, kuma a Siri Lanka toron da ke da haure kaɗan ne ƙwarai, matan ba su da shi sam. Da la'asar ake shiga, a buɗaɗɗiyar jif. Garken kan yi ƙaura tsakanin Minneriya da Kaudulla da Hurulu, duk kusa da juna, don haka kada ka sayi tikiti tun daga gida, da safen ranar direbanka zai tambayi masu jif inda suka kwana. Ka hana mai jif matsa wa uwa mai ɗa don neman tukuici. Kuma idan kun ga giwa a bakin titi kada a miƙa mata ayaba. Rikicin giwa da manomi a ƙasar ba wasa ba ne, a 'yan shekarun nan mutum sama da 100 ke mutuwa a shekara, giwayen da ake kashewa sun ninka haka.

Damisa kuwa gandun dajin Yala ne gidanta, amma Yala tana can kudu maso gabas, nesa da hanyarku, ga cunkoson motoci. Ku bar ta.

Daga Habarana awa biyu ne zuwa Tirinkomali a gaɓar gabas. Ku yi kwana uku a Nilaveli ko Uppuveli, yashi fari, teku a natse a wannan watan. Ana shiga kwalekwale zuwa ɗan tsibirin Pigeon a ga kifaye kala-kala da kunkurun teku. A cikin tsohuwar ganuwar Frederick barewa na yawo a sake kamar awaki. Akwai rijiyoyin ruwan zafi guda bakwai a Kanniya da direba zai so ya kai ku, da bokiti ake ɗiba a watsa, wanda ya yi wanka a Wikki ba zai ga abin zuwa ba. Roƙona ɗaya a nan: mu 'yan tudu ne, iyo a kogin Gongola daban, teku daban. Kada yaro ya shiga sai inda 'yan gari ke shiga, kuma da rigar kariya daga nutsewa a kwalekwale, har kai.

Sai Kandi, birnin sarautarsu na ƙarshe. Fotugal sun iso tsibirin a 1505, Holan suka kore su, Ingila ta karɓi gaɓar a 1796, amma Kandi a cikin duwatsunta ba ta faɗi ba sai 1815. A nan ɗakin ibadar mabiya addinin Buddha yake, inda suke ajiye abin da suka yi imani haƙorin Buddha ne. Bikinsu na Esala Perahera yana faɗowa Yuli ko Agusta, dare goma ana jerin gwano da giwaye masu ado da makaɗa da masu wasa da wuta, kusan a ce hawan sallarsu ne, sai dai na addininsu ne kuma da dare. Ranakun suna bin wata, kowace shekara da nata. Idan tafiyarku ta dace da shi, masauki zai yi tsada ya yi wuya, a kama tun da wuri. Shiga ɗakunan ibadar nasu kuwa, wannan tsakaninka da malaminka ne. Idan za ku shiga, ana cire takalmi da hula, wani wurin masu gadi kan nemi mace ta cire lulluɓi, in haka ta faru Hajiya ta jira a waje kawai, ba abin jayayya ba ne. Kada a juya wa gunkin Buddha baya a ɗauki hoto, laifi ne a wajensu har 'yan sanda kan shiga. Ku sa safa, daɓen dutsen yana ƙuna da rana.

Daga Kandi a hau duwatsun shayi kwana biyu. Da can kofi Turawa ke nomawa a nan, sai wata cuta ta shiga gonakin daga 1869 ta cinye su. Wani ɗan Sikotland, James Taylor, ya riga ya fara gwada ganyen shayi a 1867, shi ne ya maye gurbin. Thomas Lipton, wanda sunansa ke teburin kowane mai shayi daga Jekadafari har Wunti, a 1890 ya zo ya sayi gonaki a nan, masana'antarsa ta Dambatenne kusa da Haputale tana aiki har yanzu. Matan da za ku gani suna tsinkar ganye da kwando a baya Tamilawa ne, jikokin leburorin da Ingila ta kwaso daga kudancin Indiya, kuma suna cikin mafi talaucin ƙasar. Nuwara Eliya tana sama da mita 1,800, sanyinta ya wuce na Jos, a Agusta ga yayyafi da hazo, ku tafi da rigunan sanyi. Jirgin ƙasan da ke ratsa gonakin zuwa Ella shi ne wanda ake ta ɗauka a hoto. Daga Kandi yana cin awa shida zuwa bakwai, ya yi wa yara yawa, a hau daga Nanu Oya kawai direba ya tare ku a gaba. Zaizayar ƙasa kan yanke layin, guguwar Ditwah ta ƙarshen Nuwamban 2025 ta yi masa ɓarna sosai, don haka a tabbatar ɓangaren da kuke so yana aiki.

Batun Musulunci, za ku sake. Kusan mutum ɗaya cikin goma Musulmi ne, asalinsu fataken Larabawa da na kudancin Indiya da suka zauna tun fiye da shekara dubu, yawancinsu Tamilanci suke ji, kuma kasuwanci a hannunsu yake a garuruwa da yawa. Da wuya ka ratsa gari mai kasuwa babu masallaci da gidan abincin Musulmi. Shafi'awa ne, za ka ji liman ya bayyana Bismilla, ya yi ƙunutin Asuba a bayyane bayan ruku'u, kada ka ɗauka kuskure ne. Alƙibla a can yamma take, ta ɗan karkata arewa, sai ka kiyaye kada sabo ya sa ka fuskanci gabas. A Kolombo ku yi salla a Jami'ul Alfar, jan masallacin nan mai ratsin fari da ke kasuwar Pettah, an gama shi a 1909. Abinci shinkafa ce da miya iri-iri da madarar kwakwa, ga yaji mai sa hawaye, ga kottu, wato gurasa da ake daddatsawa da ƙwai da kayan lambu da nama. Inda ba na Musulmi ba ne ku tsaya kan kifi da ganye, domin wasu otal na dafa alade. Ranar da wata ya cika, wadda suke kira Poya, hutu ce a duk ƙasar, ba a sayar da nama da giya.

Ba zan ɓoye maka ba, zamansu da sauran jama'a ya sha tangarɗa. Yaƙin basasa tsakanin gwamnati da 'yan tawayen Tamil ya ɗauke su daga 1983 zuwa 2009. A 2018 an ƙona shagunan Musulmi a yankin Kandi. Bayan harin bam na ranar Ista, 21 ga Afrilun 2019, an hana rufe fuska na wani lokaci, a zamanin korona kuma aka tilasta ƙona gawa har ta Musulmi, abin da gwamnati ta nemi gafara a kansa a 2024. Yau baƙo yana yawonsa lafiya, hijabi ba baƙon abu ba ne a titi, amma mai niƙabi ta shirya buɗe fuska a wuraren bincike, kuma ka bar hirar siyasa da addini da direba.

Tsaraba shayi da kirfa, kirfar asali ma daga nan mafi yawanta ke fita duniya. Kwalin shayin da ke da tambarin zaki shi ne nasu tsantsa. Duk wanda ya tare ka a titi ya ce yau ce ranar ƙarshe ta baje kolin duwatsu masu daraja, ko direba ya karkata da ku lambun kayan yaji inda ake sayar da man gashi da tsadar zinariya, ka ce na gode ka wuce. Ka tafi da dala a hannu, sababbin takardu, kada ka dogara da katin naira.

To Dutsen Adamu fa? Tsawonsa mita 2,243, a ƙwanƙolinsa akwai wani rami mai siffar tafin ƙafa. Mabiya Buddha sun ce sawunsa ne, Hindu sun ce na Shiva, Musulmi kuma tun da can suna cewa nan Annabi Adamu, alaihis salam, ya sauka. Larabawa Sarandib suke kiran tsibirin, Ibn Battuta ma ya hau dutsen a 1344 ya ba da labarin sarƙoƙin da ake kamawa a hau. Zancen yana cikin littattafan tarihi da na ƙissoshin Annabawa, amma Alƙur'ani bai ambaci wurin ba, kuma yau ɗakin ibadar Buddha ne a kan sawun, su ke kula da shi. Lokacin hawa daga cikar watan Disamba ne zuwa ta Mayu, sannan ake kunna fitilu a hanya, masu shayi su buɗe rumfuna. A Agusta duhu ne da ruwa da santsi da matsattsaku. Matakalar ta haura 5,000, ana tashi daga Nallathanniya wajen ƙarfe biyun dare don a riski fitowar rana a sama, kuma saukowar ta fi hawan cin gwiwa. Ba tafiyar 'yar shekara 8 ba ce.

Idan dutsen ne ya tsaya maka a rai, ku bar yaran wajen kakarsu ku je kai da Hajiya a Janairu, domin makon Kirsimeti da sabuwar shekara shi ne mafi tsada a shekara, Fabrairu zuwa Maris kuma azumi ke faɗowa a 'yan shekarun nan. Hanyar sai ta koma kudu: Kandi, dutsen, Ella, a gangaro Udawalawe inda ake ganin giwa duk shekara ko da ba taron Minneriya ba, a leƙa Yala neman damisa, a shiga jirgin ruwa a Mirissa ko za a dace da shuɗin kifin wel, a ƙare a ganuwar Galle da Holan suka gina, inda masallacin Meeran yake fuskantar teku. Ranar hawan kada ta zama Asabar ko Lahadi ko Poya, domin masu ziyara kan cika matakalar har a tsaya cak awa da awanni kafin a kai sama.